Ruwan Tiga, Gawon Maraɗi da Dalmar Zamfara: Muhawara Kan Tazarar Masu Shi da Marasa Shi

Malam Habibu, tsohon malamin gona:

Assalamu alaikum. Tun makon jiya da aka kawo mana alƙaluman talauci a wannan zaure nake son in sa baki, amma na bari sai da hayaniya ta lafa. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talaucin da ya wuce na rashin kuɗi kaɗai, domin ya haɗa da rashin makaranta, da asibiti, da tsabtataccen ruwa, da makamashin girki. Miliyan 86 daga cikinsu suna Arewa. A Sakkwato kashi 91 ne, a Ondo kuwa kashi 27. Kowa ya yi salati ya wuce, ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne yadda muke raba wannan magana da maganar ci gaba mai ɗorewa, wato wanda ba ya cinye rabon 'yan baya, kamar na farkon aikin 'yan siyasa ne, na biyun kuma aikin masu dashen itatuwa.

A fadamun da ke ƙasa da Haɗejia na tashi, kuma a can na yi mafi yawan aikina. Dattawanmu sun san ƙasa guda da ke ciyar da mutum uku a shekara ɗaya. Idan kogi ya cika ya bazu, manomi ya shuka shinkafa. Idan ruwa ya fara janyewa, masunci ya kafa mali ya kama tarwaɗa da karfasa, manomi kuma ya bi danshin da wake. Idan aka girbe, makiyayi ya shigo da shanu su ci kara su bar taki. An gama madatsar Tiga a 1974, an gama ta Challawa a 1992, sai ruwan da ke zuwa da ƙarfi sau ɗaya a shekara ya koma zuwa kaɗan-kaɗan ba rani ba damina. Ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe magudanai, har ta kai wasu garuruwan wajen Guri da Kirikasamma ruwa ya kwanta musu a gona ba ya tafiya, wasu kuma can wajen Gashuwa suna jiransa bai iso ba.

Ba na cewa madatsa ba ta yi amfani ba. Tambayata ita ce, da aka zauna raba ruwan nan, wa ya zauna a madadin masuncin Nguru? Mai murya aka ji, shi ne birni da manyan gonakin noman rani, mara murya kuma aka bar shi da kachala. Mutumin da aka raba da abin dogaronsa ba ya zama ya mutu. Zai sa koma mai ƙananan idanu ya kwashe har 'ya'yan kifi, zai sare ɗoruwar da kakansa ya bari ya yi gawayi, sannan mu zo taro mu ce talaka ne ke lalata muhalli. Ra'ayina shi ne babu shirin da zai ɗore matuƙar wanda ke zaune a kan ƙasa ba shi da tabbacin cewa abin da ya kiyaye bana shi zai ci baɗi. Ina neman a gyara mini in na kauce.

Injiniya Bashir:

Wa alaikumus salam. Malam Habibu, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin ka auna asarar da mudu babba, ka auna ribar da ƙarami. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya ga abin da ruwan Tiga ya yi a Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam: shinkafa, da alkama, da tumatirin da ake lodawa har Legas. Mafi yawan masu noman nan ba attajirai ba ne, masu kadada ɗaya ne ko rabi, kuma da babu wannan ruwa da ci-rani suka tafi. Birnin Kano ma da miliyoyin mutanensa daga waɗannan koguna yake sha. Kada kuma a manta farin da aka yi a farkon shekarun 1970, domin shi ya sa hukumomin lokacin suka ga adana ruwa ya zama dole, kuma ruwan sama da kansa ya ragu a waɗannan shekaru, ba madatsa kaɗai ta taƙaita fadama ba.

Abu na biyu, ina ganin muna rikita talauci da tazara, alhali ba abu ɗaya ba ne. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 ya ba Nijeriya maki 35 a ma'aunin Jini, wanda da shi ake auna yadda dukiya ta karkata ɓangare guda, yayin da Afirka ta Kudu ke da sama da 60. Wannan yana nuna cewa matsalarmu ba rabon tuwo ba ce, tuwon ne bai da yawa. Ko da an kwashe kuɗin manyan attajiranmu an raba wa mutum miliyan 200, 'yan watanni za a yi a cinye, a koma gidan jiya. Abin da muke buƙata shi ne wutar lantarki da masana'antu. Lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna da kamfanonin Sharaɗa da Bompai a Kano ke aiki, dubban gidaje ke cin abinci ba tare da sun taɓa daji ba.

Na uku kuma, wanda ba ma son a faɗa, shi ne yawanmu. Gonar da uba ya bari ta ishi gida ɗaya, idan aka raba wa 'ya'ya goma sha biyu ba za ta ishi ko ɗaya ba, kuma wannan ba laifin mai kuɗi ba ne.

Hajiya Rakiya:

Injiniya, na yarda da kai a kan masana'antu, amma maganar yawan haihuwa ka ɗauko ta daga tsakiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen da ba ta yi makarantar boko ba tana haihuwar kusan bakwai, wadda ta wuce sakandare kuwa uku da 'yan kai. Ashe ke nan wanda bai gina wa yarinyar ƙauye makarantar kirki ba shi ya fara yanke yawan 'ya'yan da za ta haifa. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa a firamare, na taɓa riƙe aji mai yara sama da ɗari a kan tabarma, kuma a cikinsu babu ɗan kansila ko ɗaya, balle ɗan kwamishina. Ranar da manya suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, ranar makarantar gwamnati ta rasa mai yi mata faɗa.

Abin da ya kawo ni dai shi ne maganar murhu, domin a nan mata muke ganin abin da Malam Habibu ke faɗa. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, a unguwarmu gidaje da yawa sun sayi ƙaramar tukunyar gas sun huta da hayaƙi. Da kuɗi suka karye, cika tukunya mai kilo goma sha biyu da rabi ya haura naira 15,000 a 2024, shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kowa ya ajiye tukunya a ƙarƙashin gado ya koma gawayi. Yanzu ku tsaya bakin kowace babbar hanyar shiga gari da asuba ku ƙirga motocin itace. Mai hali bai daina girki da gas ba, ba zai kuma ji komai ba idan dajin ya ƙare. Matar da ke hura wuta da jariri a goye ita ke shaƙar hayaƙin yau, kuma mijinta ne zai ga rairayi ya binne gero gobe. To a ce mata ta daina saye don muhalli, ta dafa da me?

Alhaji Sabo:

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ban yi zurfi a boko ba, amma akwai abin da ke ba ni tsoro a irin wannan magana, shi ne a mai da arziki laifi. Allah da kansa ya fifita wasu a kan wasu wajen arziki, kuma yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba. Ni da buhu biyu na fara a Dawanau, babu wanda na ƙwace wa gona. Addininmu ya riga ya ba mu magani: zakka, da waƙafi, da ciyayya. Da masu hali na fitar da zakkar da ta hau kansu, ta kuɗi da ta amfanin gona, da bara ta ragu ƙwarai. Ina ganin a nan ya kamata mu sa ƙarfi, maimakon cusa wa yara ƙin mai shi, domin na ga inda hakan ke kaiwa a lokacin zanga-zangar watan Agustan 2024, da aka fasa shagunan mutanen da su ma neman na kansu suke yi.

Malam Habibu:

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, babu wanda ya ce buhunanka haram ne. Fifikon da Allah ya yi daban, fifikon da aka yi da alƙalami a ofis daban. Alƙur'anin da ya ambaci fifiko shi ne kuma ya faɗa a Suratul Hashri cewa kada dukiya ta zama mai kewayawa tsakanin mawadata kaɗai, kuma akwai hadisin da ya nuna mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta. Waɗannan ukun su ne daidai abin da muke magana a kai. Zakka tana ba mutum abincin wata, amma ba ta mayar masa da fadamar da aka rubuta wa wani.

Injiniya, a kan maki 35 ɗin nan, ka fi ni sanin yadda ake samo shi. Ma'aikata ne ke bi gida-gida suna tambayar abin da aka kashe wajen ci da sha, kuma maigadin gidan attajiri a unguwar Maitama ta Abuja ba ya buɗe musu ƙofa. Jihar Borno ma ba ta cikin lissafin saboda rikici. A binciken guda ɗin, talaucin kuɗi a Legas bai kai kashi 5 ba, a Sakkwato ya kusa kashi 88, kuma ƙasa ɗaya ake kira. A kan ruwa kuma, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a shekarun 1990, suka gano cewa idan aka haɗa noma da su da itacen da fadamar Haɗejia da Nguru ke bayarwa, ruwan da ya isa fadama ya fi wanda aka tsare don noman rani a sama kawo riba ninkin-ba-ninkin. Ba a rasa ilimin ba, masu amfana da shi ne ba su da kujera.

In kuma ana neman inda abin ya fito fili, a tuna Bakolori. An gina madatsar a kan kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara a ƙarshen shekarun 1970, ruwa ya ci garuruwan dubban mutane, manoma suka yi ta neman diyya har suka tare hanyoyin aikin, sai a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi gonarka abin da ke kanta ake biya, ba ita kanta ba. Manomin da ya san haka, me zai sa ya shuka itacen da sai bayan shekara goma zai yi 'ya'ya?

Malama Zainab, ma'aikaciyar jinya:

Tunda an ambaci Talata Mafara, bari in ƙarasa da ku cikin Zamfara, domin a can ne na fahimci cewa tazara tana shiga har cikin jinin yaro. A 2010 aka lura yara ƙanana suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna suma suna farfaɗiya, aka yi ta ba su maganin zazzaɓi a banza. Da likitocin MSF, ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, suka auna jini, sai aka ga gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mazan ƙauye suka ga dutse ya fi gero kawo kuɗi, suna kawo shi gida, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, mata na daka shi a turmi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jiki, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa ta yadda ba ta komawa daidai. Bagega, wanda ya fi kowane gari girman matsalar, sai a 2013 aka samu kuɗin kwashe ƙasarsa mai guba. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Abin lura shi ne ko bayan an yi wa iyayen bayani, da yawa ba su daina haƙa ba, sai dai suka yarda a fitar da niƙan bayan gari. Ba jahilci ba ne, lissafi ne irin na wanda ba shi da zaɓi: gubar tana kisa a hankali, yunwa kuwa da sauri. Zinariyar ta fita ta hannun dillalai zuwa kasuwannin waje, ƙurar ta zauna a ƙauye. Yaran da suka sha gubar nan a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, su ne ake sa ran za su riƙe gonaki da makarantun yankin. Idan ana maganar ɗorewa ni waɗannan nake tunawa kafin in tuna bishiya.

Malam Isuhu daga Maraɗi:

Gaisuwa ga dattawan zaure. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba, amma tambayar da Malam Habibu ya rufe da ita mu a Nijar mun ga amsarta da idonmu, kuma talaucinmu ya fi naku, ruwan samanmu bai kai naku ba.

Tun zamanin Faransawa dokar gandun daji ta mai da itatuwa kayan gwamnati, har wanda ya tsiro a tsakiyar gonarka. Idan ka sare reshen gawo ma'aikacin gandun daji zai ci ka tara, saboda haka manomi ya mai da itace abokin gaba, da ya ga tsiro sai ya tumɓuke tun kafin ya girma ya jawo masa fitina. Malaman gona kuma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce fes ba ko kututture. Haka aka yi ta yi har iska ta samu fili, mutum ya shuka gero sau uku rairayi yana yanke shi. An kashe kuɗi masu yawa wajen kawo dashe daga gandun raino, mafi yawansu suka mutu, domin ba na kowa ba ne.

A farkon shekarun 1980 wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a nan Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, kututturen itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Mu muna kiransa sassaben zamani, ko da yake tsofaffi sun ce kakanni sun san shi. Bayan yunwar 1984 mutane suka fara karɓa. Amma abin da ya sa ya bazu ba dabarar ba ce kaɗai, sai da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, zai sare reshe ya sayar ba mai kama shi, daga baya kuma dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙarfafa hakan. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Ba zan ɓoye muku ba, ko a nan tazarar ba ta mutu ba. Mai gona babba shi ya fi samun itace, matar da ba ta da gona da a da take tsintar itace a ko'ina yanzu sai ta saya ko ta roƙa, wanda ya karɓi aron gona kuma ba ya renon itace domin mai gonar zai ce yana neman mallake ta. A garuruwa irin su Ɗan Saga ta wajen Agye sai da aka kafa kwamitin gari da ya haɗa mata da makiyaya kafin satar itace ta ragu.

Injiniya Bashir:

Malam Isuhu, wannan bayani ya amfane ni, kuma na karɓi gyaran Malam Habibu a kan yadda ake tattara alƙaluman nan. Amma ku lura cewa labarin Maraɗi ba labarin ƙwace wa mai kuɗi a ba talaka ba ne, labarin tabbatar wa mutum haƙƙinsa ne, kuma ni ban taɓa musun wannan ba. Inda har yanzu nake tsaye shi ne gawo ba zai ɗauki matasan da ke fitowa neman aiki kowace shekara ba. A kan madatsu kuwa, a fasahance ana iya sakin ruwa da yawa a lokaci guda cikin damina domin a kwaikwayi ambaliyar da, kuma an daɗe ana ba da wannan shawara. Wahalar ita ce kogin ya ratsa Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno, kowace jiha tana jan nata, kuma kafin a saki ruwan dole a share kachalar da ta toshe hanya, in ba haka ba garuruwan da muke tausaya wa su za a fara nutsarwa.

Malam Buba:

Na ji an ambaci makiyayi sau biyu, kullum a ƙarshen jimla, to bari ya yi magana da bakinsa. Mahaifina ya yi kiwo daga dajin Rugu har kudancin Kaduna, kuma a lokacinsa akwai burtali da mashaya da kowa ya sani. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma kaɗan daga cikin wuraren aka tabbatar a takarda. Sauran fa? Wani wajen ƙaramin manomi ne ya matsa da garmarsa saboda tasa gonar ta gaza, wannan ana iya zama da shi a sasanta. Wanda ba a iya zama da shi shi ne babban mutumin da ya zo daga birni da takarda, ya kewaye ɗaruruwan kadada da waya har da tafkin da garke ke sha. Daga nan saniya ba ta da hanya sai ta cikin gonar talaka, talaka biyu su kama faɗa, mai wayar yana birni bai ma ji ba.

Na taɓa biyan tarar ɓarnar da ta fi kuɗin amfanin gonar gaba ɗaya, kuma na san rabin kuɗin bai isa hannun mai gonar ba. Ba na kare ɗan bindiga, mu ma sun kore mana shanu sun kashe mana dangi. Amma yaron da ya tashi ba makaranta, ba asibiti, garken ubansa ya ƙare tsakanin ɓarayi da masu cin tara, ba shi da wahalar ja. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, a je a duba rugage nawa ke da malamin da ke zuwa. Yau a sassan Zamfara da Katsina manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, kuma Alhaji Sabo ya fi ni sanin abin da hakan ya yi wa farashin buhu.

Alhaji Sabo:

Na sani ƙwarai, Malam Buba, domin garuruwan da muke saro masara a da wasu yanzu mu ke kai musu. Maganar waya kuma gaskiya ce, na san masu irin wannan gona da ko noma ta ba sa yi, sun ajiye ta ne su karɓi bashin banki da takardarta. Wannan ban kira shi fifikon Allah ba. Abin da nake roƙo kawai a bambance shi da wanda ya yi gumi. Ni dai abin da ke hannuna zan yi: zakkar hatsina ta bana ba zan raba ta a ƙofar gida mudu-mudu ba, zan nemi hanyar da za ta zama jari ga mutum biyar ko shida.

Hajiya Rakiya:

Allah ya ba da iko, Alhaji, kuma a cikin biyar ɗin nan a sa mata. Malam Isuhu ya taɓa wani wuri da nake so a tsaya a kai, wato matar da ba ta da gona. Shari'a ta ba 'ya mace rabonta na gado, amma a ƙauyukanmu sau da yawa 'yan'uwa maza ke riƙe gonar, a ce ana noma mata, ƙarshen shekara a aiko mata da kwano biyu. Wannan ba gwamna ya yi ba, ba kuma madatsa ba, a cikin gidajenmu ake yi. Malam Isuhu, a kwamitocin nan naku, matan suna da ta cewa da gaske, ko kuwa an sa sunansu ne don masu kawo tallafi su gani?

Malam Isuhu:

Hajiya, ya danganta da gari. Inda na sani sosai, mata ne suka fi kowa sa ido, domin su ke shiga daji kullum, su ke fara ganin inda aka yi sara, kuma su suka matsa aka yarda duk wadda ba ta da gona ta ɗebi busassun rassan da suka faɗo ba tare da neman izini ba. A wani garin kuma da ke kusa da namu kwamitin ya watse a shekara ta uku, ranar da aka kama ɗan mai gari da amalanke cike da ɗanyen gawo, aka zauna yanke masa tara, sai dattawa suka ce a bar maganar. Kafin damina ta gaba kowa ya sare nasa ya sayar. Malam Habibu, idan hanya ta yi kyau bayan girbi ka zo ta Jibiya, zan kai ka garuruwan biyu a rana ɗaya, tsakaninsu bai fi tafiyar awa guda a kan babur ba.